Lauya ko Marubucin Wasiyya: Wa Za Mu Ba Amanar Rubuta Wasiyyarmu a Ingila?



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi mazauna Ingila da Wels. Sikotiland tana da nata dokar gado daban, haka ma Arewacin Ayalan, don haka 'yan'uwanmu na Gilasgo da Edinbara su ɗauki abin da za mu faɗa a matsayin share fage kawai.

Galibinmu mun taso a inda rubuta wasiyya ba ta cika damun kowa ba. Mutum ya rasu, a yi jana'iza, bayan an kwana biyu a kira malami ko a je gaban alƙali, a lissafa magada, a fitar da bashi, a raba. A nan lamarin ya sha bamban. Dokar Ingila ba ruwanta da ilimin fara'id. Abin da ta yi shi ne ta ba mutum 'yancin barin dukiyarsa ga wanda ya ga dama, kuma ta wannan ƙofa ce Musulmi zai bi ya sa a raba gadonsa yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Wanda bai rubuta komai ba, dokar ƙasa ce za ta yi masa rabo.

Mu ɗauki misali. Magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi, abin da ya rage fam 240,000 ne. A rabon Musulunci matar tana da sumuni, fam 30,000. Uwa da uba kowa sudusi, fam 40,000. Sauran fam 130,000 na 'ya'ya ne: kowane namiji 52,000, mace 26,000. A dokar Ingila kuwa, idan babu wasiyya, matar da doka ta amince da aurenta tana ɗaukar kayan amfanin mamacin, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya haura haka. Ke nan a wannan misali ita za ta kwashe duka, iyaye ba su da ko sisi. Idan kuma auren a masallaci kawai aka ɗaura shi a nan Ingila ba a yi rajista ba, sai abin ya juye: 'ya'ya su ɗauki duka, mata da iyaye su tashi a tutar babu.

Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya kwaɗaitar da duk mai abin wasiyya kada ya yi jinkirin rubuta ta, ya fi kama mu a nan fiye da yadda ya kama mu a gida. Sai dai a lura, takardar da Turawa ke kira wasiyya ta fi wasiyyar da muka karanta a fiƙihu faɗi. A fiƙihu wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Takardar nan kuwa aiki biyu take yi mana a lokaci guda: ta ɗauki wasiyyar sulusi, sannan ta umarci a raba sauran bisa ƙa'idar gado. Wanda zai rubuta ta dole ya iya ɗinke biyun da harshen da kotun Ingila za ta karɓa.

Banbancin mutanen biyu

Lauyan da ake kira solisita ya yi karatu da horo na shekaru, kuma sunansa yana cikin rajistar hukumar SRA, wadda ke da ikon ladabtar da shi har ta kai ga hana shi aiki. Dole ofishinsa ya riƙe inshorar kuskuren aiki wadda ba ta gaza fam miliyan 2 ba, ko miliyan 3 idan ofishin kamfani ne. Wanda ya kai ƙorafi ofishin bai gamsar da shi ba cikin mako 8, yana iya zuwa wurin Legal Ombudsman ba tare da biyan komai ba. Idan hukumar ta rufe wani ofishi, takardun mutane suna komawa hannunta, ba sa bin iska.

Marubucin wasiyya kuwa, kowa na iya zama shi. Dokar ayyukan shari'a ta 2007 ta keɓe wasu ayyuka guda 6 waɗanda sai mai lasisi zai yi su, kuma rubuta wasiyya ba ya ciki. A 2013 hukumar Legal Services Board ta ba da shawarar a shigar da shi, ministan shari'a na lokacin, Chris Grayling, ya ƙi. Saboda haka mutumin da jiya yake sayar da inshorar mota yana iya buga kati yau ya ce shi marubucin wasiyya ne, bai karya doka ba. Ƙorafe-ƙorafen jama'a sun kai ga hukumar CMA mai kula da gasar kasuwanci ta buɗe bincike a 2023, ta kuma fitar da ƙa'idojin gargaɗi ga masu wannan sana'a a 2024.

Wannan banbanci yana da nauyi ne saboda wata siffa da wasiyya ta keɓanta da ita: kuskurenta ba ya fitowa sai mai ita ya riga mu gidan gaskiya, lokacin da babu wanda za a tambaya me yake nufi. Tun 1995 kotun ƙoli ta wancan zamani, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta yanke a shari'ar White da Jones cewa magajin da sakacin lauya ya jawo masa asara yana iya neman diyya. Ana iya kai marubucin wasiyya ƙara shi ma, amma cin nasara a kan kamfanin da ya rufe shekara 10 da suka wuce, ba inshora, ba magaji, nasara ce ta takarda.

Duk da haka mu yi adalci. Akwai marubutan wasiyya ƙwararru masu amana, waɗanda wannan ne kaɗai aikinsu kullum, suna zuwa har gida da yamma ko ranar Asabar, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi. Nagartattun cikinsu sukan shiga ɗaya daga ƙungiyoyi biyu, Society of Will Writers ko Institute of Professional Willwriters, waɗanda ke wajabta wa mambobinsu inshora da horo da hanyar sauraron ƙorafi. Shiga ƙungiyar dai ganin dama ne, kuma wanda aka kora yana iya ci gaba da sana'arsa washegari. A ɗaya ɓangaren, sunan lauya kaɗai bai isa shaida ba. Wani bincike da kwamitin masu amfani da ayyukan shari'a ya yi a 2011 ya samu kurakurai a wasiyyoyin ɓangarorin biyu. Lauyan da ya yi maka takardun zama a ƙasa, ko wanda ya yi maka cinikin gida, mai yiwuwa rabonsa da rubuta wasiyya tun yana ɗalibi. Wanda ake nema shi ne mai aikin gado da wasiyya musamman; alamarsa sau da yawa ita ce zama mamban STEP, ko ofishinsa ya kasance cikin tsarin ingancin wasiyya na Law Society. Ilimin fara'id kuma ba a cika koyar da shi a makarantar lauyoyi ta nan ba. Law Society ta taɓa fitar da jagora a kan wasiyyar Musulunci a watan Maris na 2014, ta janye ta a Nuwamban shekarar bayan suka daga wasu ɓangarori. Lauyan da ya iya abin, da ƙoƙarin kansa ya koya.

Wasiyyarmu mai sauƙi ce?

Shawarar da aka saba ji ita ce, mai wasiyya mai sauƙi ya je wurin marubuci, mai sarƙaƙiya ya je wurin lauya. Shawarar daidai ce. Matsalar ita ce da yawanmu muna ɗaukar kanmu cikin rukunin farko alhali muna cikin na biyu.

Mu fara da aure. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a shari'ar Akhter da Khan cewa ɗaurin auren da aka yi a Ingila ba bisa ƙa'idar rajista ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Auren da aka ɗaura a Kano ko Maraɗi ko Kumasi bisa dokar can, galibi ana karɓarsa a nan. Har auren mace fiye da ɗaya kotu ta taɓa karɓa a 2010, a gadon wani ɗan Gana, amma wannan ya dogara da inda doka ta ɗauki mutum a matsayin mazauninsa na asali lokacin da aka ɗaura auren. Matsayin auren yana canza haraji, yana canza haƙƙin matar a kotu. Ga kuma tarkon da mutane da yawa ke faɗawa: a dokar wasiyya ta 1837, yin aure yana rushe wasiyyar da aka rubuta kafinsa, sai idan an rubuta ta da ambaton wannan auren. Ma'auratan da suka yi shekaru da auren masallaci, suka rubuta wasiyya, daga baya suka je ofishin rajista don su gyara lamarinsu, sun rushe wasiyyar ba su sani ba.

Sai gida. Ma'aurata a nan sukan mallaki gida ta ɗaya daga hanyoyi biyu. A ta farko, idan ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ya zama na wanda ya rage, kome wasiyya ta ce. A ta biyu, kowa yana da kasonsa sananne, kuma kason mamaci yana shiga gado. Mai son a bi fara'id yana buƙatar ta biyun, kuma sauyawa daga ta farko yana buƙatar sanarwa a rubuce da gyara a Land Registry. Duk wanda ya rubuta maka wasiyya bai tambaye ka yadda aka yi rajistar gidanka ba, ya bar mafi girman dukiyarka a waje. Haka kuɗin fansho na wurin aiki: galibi ba ya bin wasiyya, yana bin takardar da ka cike wa masu kula da fanshon.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne halin da mata za ta shiga. A gida, matar da ta karɓi sumuni tana zaune cikin dangi, 'ya'yanta suna ɗauke da ita, da wuya a ce ta fita daga ɗakinta. A nan, idan gidan ne kusan dukan dukiyar, raba shi nan take yana iya nufin sayar da shi, uwa da ƙananan yara su koma haya. Dokar 1975 ta tanadin iyali ta ba mata, da 'ya'ya, da wanda ya zauna da mamaci zaman aure na shekara 2, da duk wanda mamacin ke ɗauke da nauyinsa, damar zuwa kotu cikin wata 6 daga fitar da izinin raba gado su ce ba a yi musu tanadin da ya dace ba. Kotu tana da ikon canza rabon. A 2023 Babbar Kotu ta ba wata dattijuwa rabin dukiyar mijinta bayan ya bar komai ga 'ya'yansa maza, ya bar ta hannu rabbana bayan aure na fiye da shekara 60. Wasiyyar fara'id ba ta fi ƙarfin wannan doka ba. Akwai hanyoyin da ake bi a rage haɗarin: a rubuta kason matar a gidan daidai da abin da ta zuba na gaskiya, ko miji ya yi mata kyauta yana raye da lafiyarsa, ko a tsara amana da za ta ba ta damar zama a gidan. Wannan na ƙarshe malamai suna da magana a kansa, domin yana jinkirta haƙƙin sauran magada, kuma yardarsu tana shigowa ciki. A ra'ayinmu wannan ba aikin cike fom ba ne. Zama ne na mutum uku, kai da lauya da malami.

Haraji ma yana nan. Abin da mamaci ya bar wa matar da doka ta sani, a ƙa'ida ba a cire masa harajin gado. Abin da ya tafi ga wasu, idan ya haura fam 325,000 ana cire kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura, da ƙarin rangwame har fam 175,000 idan gidan zama ya tafi ga 'ya'ya ko jikoki. Tun da fara'id yana kai mafi yawan dukiya ga waɗanda ba mata ba, gida ɗaya a Landan ya isa ya jawo harajin tun a mutuwar farko. Abin da aka bar wa ƙungiyar agaji mai rajista ba a cire masa haraji, wanda ya dace da mai son yin sadaka mai gudana daga sulusinsa. Daga 6 ga Afrilu 2025 kuma, wanda ya zauna a Birtaniya shekara 10 cikin 20 da suka gabata, ana lissafa dukiyarsa ta duniya duka, har da filin da ke Zariya.

Shi wannan fili, dokar ƙasar da yake cikinta ce ke hukunci a kansa. A arewacin Najeriya kotunan Musulunci za su raba shi. A Gana, wanda bai bar wasiyya ba dokar gado ta 1985 ce ke hawa kansa, kome addininsa. Wasu sukan yi wasiyya biyu, ɗaya nan ɗaya can. Sai a yi hattara, domin kusan kowace wasiyya tana buɗewa da jumlar da ke soke duk wadda ta gabace ta. Idan ba a taƙaita jumlar ba, ta biyu ta kashe ta farko.

Magada ba a sanin su sai ranar mutuwa

Wannan ƙa'ida ce da duk ɗalibin Risala ya sani, amma ita ce masu rubuta wasiyya suka fi tuntuɓe a kanta. Idan aka rubuta sunaye da kaso a yau, gobe a haifi ɗa, ko uba ya rasu, lissafin ya rushe. Idan kuma aka rubuta jumla ɗaya kawai cewa a raba bisa Shari'a, an bar ƙofar gardama a buɗe: wace mazhaba, kuma wa zai yi lissafin? Da yawa daga samfuran wasiyyar Musulunci da ke yawo a Birtaniya an gina su ne a kan mazhabar Hanafiyya, saboda asalin yawancin Musulmin ƙasar. A yawancin mas'aloli babu saɓani. Amma idan kaka na wajen uba ya haɗu da 'yan'uwan mamaci, Imam Abu Hanifa yana hana 'yan'uwan, Imam Malik yana sa su yi tarayya da kakan. Akwai saɓani kuma a kan abin da ya yi saura bayan masu kaso sun ɗauka. Wasiyya mai kyau tana faɗin mazhabar da za a bi, tana faɗin yadda za a zaɓi malamin da zai yi lissafi, tana kuma ba masu zartarwa ikon aiki da lissafinsa. Ka tambayi duk wanda za ka ba aikin yadda yake magance wannan. Amsarsa za ta nuna maka ko ya taɓa yi.

To, yaushe marubucin wasiyya ya wadatar? Mai aure ɗaya da doka ta sani, ko marar aure, wanda ba shi da kadara a wata ƙasa, dukiyarsa ba ta kai iyakar haraji ba, babu 'ya'yan wani aure, babu wanda ake tsoron zai tayar da rigima, wannan marubuci nagari mai sanin fara'id zai yi masa aiki mai kyau. Ma'aurata matasa masu zaman haya, waɗanda babbar damuwarsu ita ce wa zai riƙe yara idan ta Allah ta kasance, kada tsadar lauya ta sa su zauna babu komai. Naɗa mai riƙon yara 'yan ƙasa da shekara 18 a cikin wasiyya abu ne da doka ta yarda da shi. Kafin a biya, a nemi ganin takardar inshorarsa, a duba sunansa a shafin ƙungiyar da ya ce yana ciki, a karɓi farashi gaba ɗaya a rubuce.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a wannan sana'a arahar farko sau da yawa ƙugiya ce. Wasu kamfanoni suna rubuta wasiyya da kuɗi kaɗan, sannan su sa sunansu a matsayin masu zartarwa, su yanki kaso daga dukiyar bayan mutuwa. Lauyoyi da bankuna ma suna yin haka. Babu dokar da ta tilasta maka. Ɗanka baligi, ko matarka, ko amininka na iya zama wasiyyi, ko da yana cikin magada, kuma ya ɗauki lauya daga baya idan ya buƙata. Wasu suna ɗora kuɗin ajiya na kowace shekara. Wasu suna tallar wata amana mai tsada da alƙawarin za ta kare gida daga kuɗin gidan kula da tsofaffi, alhali ƙaramar hukuma tana da ikon yin watsi da ita idan ta ga da gangan aka yi don kauce wa biya. Wanda aka zo har gidansa aka sa shi ya sa hannu a kwangila yana da kwana 14 na janyewa.

Ga dattawanmu akwai ƙarin abu biyu da suka sa muke fifita lauya. Idan tsufa ko ciwo ya fara taɓa tunani, lauya mai hankali yana neman likita ya shaida cewa mutum yana cikin hayyacinsa, yana kuma ajiye bayanin zaman da suka yi, wanda shi ne hujja idan wani ya yi jayayya daga baya. Idan kuma Baba ko Hajiya ba sa karanta Turanci, dole a fassara musu wasiyyar, a rubuta a jikinta cewa an karanta musu da Hausa sun fahimta. Mai fassarar kada ya kasance cikin masu cin gado.

Ranar sa hannu, ko wa ya rubuta, ƙa'idar ɗaya ce. Mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Shaida ko mijinta ko matarsa ba sa cin komai daga wasiyyar. Idan ɗanka ya yi shaida, wasiyyar tana nan amma rabonsa ya faɗi. Maƙwabci ko abokin aiki ya fi. Kamfanin da ya aiko da takarda ta gidan waya ya bar ka da wannan mataki kai kaɗai, a nemi ya duba ta bayan an sa hannu.

Masu ƙaramin ƙarfi su san cewa a watan Nuwamba akwai shirin Will Aid, inda lauyoyi ke rubuta wasiyya mai sauƙi a madadin gudummawa ga ƙungiyoyin agaji, a Maris da Oktoba kuma akwai Free Wills Month ga 'yan shekara 55 zuwa sama. A tambaya tun a waya ko lauyan yana yin wasiyyar Musulunci, kuma ko tana cikin shirin ko akwai ƙarin kuɗi.

Mai zuwa wurin lauya ko marubuci ya tafi da takardar aure, da takardun gida, da jerin kadarorin nan da na gida, da sunayen iyaye da mata da 'ya'ya da 'yan'uwa na ko'ina. Ya rubuta basussukan da babu takarda a kansu: sauran sadaki, zakkar da ba a fitar ba, kuɗin adashi, ajiyar da wani ya ba shi. Umarnin wanka da binnewa kuwa a ba iyali da limami kwafinsa daban tun yanzu, domin sau da yawa ba a buɗe wasiyya sai bayan an dawo daga maƙabarta. Asalin takardar da aka sa wa hannu ita kotu ke nema, ba hotonta ba. Ana iya ajiye ta a ofishin lauya ko a ofishin kotu mai ba da izinin raba gado, a kuma gaya wa wasiyyi inda take.